Sharaɗa, Challawa Da Bompai: Kwamfutoci Sun Taru, Babu Dillali

Duk lokacin da aka zauna domin tattauna halin da masana'antun Kano suke ciki, matsalolin da akan lissafa sanannu ne, har ma an haddace su: rashin tsayayyiyar wutar lantarki, tsadar man gas, kwararowar kayan ƙasashen waje masu araha, yawan haraji da wahalar samun rance a bankuna. Babu ko ɗaya daga cikinsu da zan musa. Tun daga shirin tsuke bakin aljihu na SAP da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɓullo da shi a 1986, zuwa janye tallafin mai da sakin darajar Naira a 2023, zuwa ƙarin kuɗin wuta ga 'yan rukunin A a watan Afrilun 2024, da wuya a nuna shekarar da mai masana'anta ya samu sararin numfasawa. Sunan mai kawo wutar ma ya sauya daga NEPA zuwa PHCN a 2005, sannan KEDCO ta karɓi rabonta a 2013, amma har yau janareta bai daina ruri a Bompai ba.

Sai dai kuma, mai karatu, mabuɗan waɗannan matsaloli duk suna Abuja ne ko a ƙetare. Abin da nake son mu duba a yau matsala ce wadda mabuɗinta yake cikin aljihun mai masana'antar, kuma ba kasafai ake ambatonta a tarurruka ba. Matsalar kuwa ita ce, kwamfutocin da ke cikin harabar kamfani ɗaya, waɗanda mutum ɗaya ya saya da kuɗinsa, ba sa magana da junansu. A lokacin da riba take da kauri ana iya kawar da kai daga irin wannan ɓaraka. Yanzu da ribar ta koma siririya, ga kuma hukumar haraji ta fara neman a riƙa aika mata takardun ciniki kai tsaye daga kwamfuta, ɗan hakin da aka raina ya fara tsone ido.

Yadda aka tara kwamfutocin

Sanin kowa ne cewa Bompai ita ce uwa a cikin unguwannin masana'antu na Kano, domin ta kafu tun zamanin Turawa, lokacin da ake dalar gyaɗa. Daga baya aka buɗe Sharaɗa mai kashi uku, aka kuma buɗe Challawa. A waɗannan unguwanni ne ake samun kamfanin fulawa na Northern Nigeria Flour Mills a titin Maimalari da ke Bompai, da kamfanin lemon Coca-Cola a Challawa, da majemun zamani masu sarrafa fata domin kaiwa Turai da Asiya, da masu robobi, da masu takalma, da masu alewa da biskit, da injinan casar shinkafa da suka yawaita a shekarun baya-bayan nan. Mafi yawansu sun girmi zuwan kwamfuta ofis, ko kuma an gina su bisa al'adar da ta girme shi, wato al'adar littafi da biro da takarda mai kabon.

Da kwamfuta ta zo, ba rana ɗaya ta shigo ba, kuma ba da shiri guda ba. Akanta ne ya fara neman tasa, aka sanya masa Sage ko QuickBooks, ko kuma Tally idan manajan Ba'indiye ne. Da aka kafa sikelin auna manyan motoci a bakin ƙofa, sai ya zo da tasa manhajar daga kamfanin da ya ƙera shi. Mai kula da sito ya buɗe nasa lissafin a Excel. Ofishin ma'aikata ya sayi na'urar dangwala yatsa domin sanin wanda ya zo aiki da wanda ya yi fashi. Sashen ciniki ya sa wani yaro mai hazaƙa ya rubuta masa 'yar manhajar karɓar oda. Banki kuma yana can da nasa tsarin, yana turo alat zuwa wayar Alhaji. Kowace ɗaya tana aikinta daidai gwargwado, amma abin da ke haɗa su shi ne magatakarda mai ɗauke da filashi ko tarin takardu, yana kwafe lambobi daga wannan allo zuwa wancan.

Aikina na duba littattafan kuɗi ya sa na shafe shekaru ina shiga waɗannan kamfanoni, kuma abin da na gani a wani injin casar shinkafa, wanda ba zan ambaci sunansa ba, ya ishe mu misali. Wani ɗan sari daga kasuwar Singa ya biya kuɗin lodin tirela guda da hantsi, ya turo direba. Kuɗin ya shiga, amma alat ɗin ya tafi wayar mai kamfanin, wanda a lokacin yake cikin jirgin sama. Akanta bai ga kuɗin a littafinsa ba, don haka bai sa hannu ba. Mai sito bai ga sa hannu ba, don haka bai saki buhu ko ɗaya ba, kuma gaskiyarsa ce, domin an sha cutar mutane da alat na bogi. Tirelar ta kwana a bakin ƙofa, leburori suka watse, washegari direba ya nemi kuɗin kwana, ɗan sarin kuma ya yi rantsuwar cewa lodinsa na gaba wani injin zai kai. Babu wanda ya yi sata, babu wanda ya yi lalaci, amma an rasa abokin ciniki.

Wannan ita ce asarar da ake gani. Wadda ba a gani ta fi ta yawa. A ƙarshen wata sikeli yakan ce shanshera kaza ta shigo, sito ya ce kaza ya karɓa, akanta ya ce kaza ya biya, kuma lambobin uku su ƙi haɗuwa. Sai a shafe mako guda ko fiye ana bin takardu, ana zargin juna, daga ƙarshe a rubuta bambancin a matsayin raguwar nauyi ko zubewa. Wani ɓangaren kuskuren kwafi ne kawai, wani ɓangaren kuwa masu iya magana sun riga sun faɗa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Lissafin igiyoyi

Mai masana'antar da ya gaji da wannan hali yakan kira masanin kwamfuta ya ce masa ya haɗa masa sikeli da manhajar akanta. A haɗa, a ji daɗi. Bayan wata uku a ce a haɗa sito da sashen ciniki, sannan banki da akanta, sannan sikeli da sito. Kowane haɗi igiya ce mai zaman kanta, wadda sau da yawa mutum dabam ne ya ɗaura ta. Lissafin kuwa ba shi da wuya. Idan manhajoji 6 ne, kuma ana son kowace ta yi magana da kowace, ana bukatar igiyoyi 15. Idan suka kai 10, igiyoyin sun zama 45. Ranar da aka sauya manhajar akanta, duk igiyar da ke ɗaure da ita sai an kwance an sake ɗaurawa, alhali wanda ya ɗaura ta tun farko watakila ya koma Legas ko ya bar ƙasar. Wanda ya taɓa ganin fal ɗin wuta a tsohuwar unguwa, inda kowane gida ya jawo tasa wayar, ya san yadda abin yake ƙarewa.

Manyan kamfanonin duniya sun faɗa wannan rami tun kafin mu, kuma maganin da suka samo shi ne a kafa manhaja guda a tsakiya, kowace manhaja ta ɗaura igiyarta ɗaya tak da ita. Ke nan manhajoji 10 igiyoyi 10 suke bukata. Wannan manhajar tsakiya ita ce Turawa ke kira Enterprise Service Bus, ko ESB a taƙaice. Kalmar bas da ke cikin sunan an aro ta ne daga ma'aikatan lantarki. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin wuta na masana'anta ya ga sandunan jan ƙarfe waɗanda wutar KEDCO ko ta janareta ke sauka a kansu, kowane inji kuma ya ja tasa daga nan. Irin wannan sanda ce aka yi wa bayanai.

Tunanin ya daɗe. Kamfanin IBM ya fitar da MQSeries a 1993 domin isar da saƙo tsakanin manhajoji ba tare da ya ɓace ba, Microsoft kuma ya fitar da BizTalk a 2000. Sunan ESB ya bazu ne a farkon shekarun 2000, musamman bayan littafin da David Chappell ya wallafa a kansa a 2004. Daga nan aka samu waɗanda ake rabawa kyauta tare da lambobin da aka rubuta su: Mule, wadda Ross Mason ya fara a 2003, da WSO2 da aka kafa a ƙasar Sirilanka a 2005, da Apache Camel a 2007. Domin mai karatu ya san darajar wannan aiki a idon 'yan kasuwar duniya, kamfanin Salesforce ya sayi MuleSoft a 2018 a kan kusan Dala biliyan 6.5.

Fatoman zamani

Bakano ba ya bukatar a je Amurka kafin a fahimtar da shi wannan hikima, domin kakanninsa sun yi aiki da ita ɗaruruwan shekaru. Bafataken da ya taso daga Kano zuwa Gwanja neman goro, ko wanda ya kora shanu zuwa Kurmi, ba ya bin masu saye ɗaya bayan ɗaya a garin da bai san harshensa ba. Wurin fatoma yake sauka. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya kuma bayyana a littafinsa na 1969 yadda masu gidajen Hausawa suke riƙe cinikin shanu da goro ta hanyar saukar baƙi, adana kayansu, haɗa su da dillalai da tsaya musu a kan bashi.

Ayyukan manhajar tsakiya guda huɗu ne, kuma duk ayyukan fatoma ne. Na farko jagora: ta san wane saƙo ne zai tafi wurin wa, kamar yadda dillali ya san mai bukatar kowane irin kaya. Na biyu tafinta: sikeli yana magana da kilo, sito yana ƙirga buhu, akanta yana rubuta Naira, ita ce za ta juya maganar kowa zuwa harshen da ɗan'uwansa yake ji. Na uku masauki: idan mai karɓar saƙon ba ya nan, wato kwamfutarsa a kashe take ko intanet ta yanke, saƙon zai zauna a layi har ya dawo, ba zai ɓace ba, ba kuma za a rubuta shi sau biyu ba idan an tsara aikin da kyau. Na huɗu shaida: tana rubuta wanda ya aiko, da abin da ya aiko, da lokacin da ya aiko, ta yadda idan gardama ta taso akwai kundin da za a buɗe.

Mu koma kan tirelar da ta kwana a bakin ƙofa, mu ga yadda abin zai kasance. Bankuna da kamfanonin biyan kuɗi a Nijeriya yanzu suna iya ware wa kowane abokin ciniki lambar asusu tasa ta musamman wadda ke zubawa cikin babban asusun kamfani, suna kuma da ƙofar sadarwa, wadda masana ke kira API, da ke sanar da kwamfutar kamfani da zarar kuɗi ya shigo. Ɗan sari ya biya, ko da yaron shagonsa ya aika ko a wurin mai POS ya tura, lambar asusun ta nuna kuɗin wane ne. Manhajar tsakiya ta karɓi sanarwar, ta gwada ta da odar da ke sashen ciniki, ta rubuta a littafin akanta, ta ba sito izinin sakin buhu kaza, ta sanar da maigadi lambar motar. Da tirela ta hau sikeli za ta fita, nauyin ya koma tsakiya a gwada shi da adadin buhunan. Idan sun dace, takardar rakiyar kaya ta fito, saƙo ya shiga wayar ɗan sari da ta Alhaji. Idan ba su dace ba, ƙofa ta ƙi buɗuwa tun motar tana cikin harabar, maimakon a gano gibin bayan kwana talatin.

Wanda yake ganin wannan tatsuniya ce, ya duba wayar da ke hannunsa. Ba da jimawa ba cek ɗin wani banki na wani gari yakan ɗauki kwanaki masu yawa, wani lokaci makonni, kafin ya zama kuɗi. Babban Bankin Nijeriya da sauran bankuna suka kafa NIBSS a 1993, ta fara aiki a 1994, sannan ta ɓullo da tsarin tura kuɗi nan take na NIP a 2011. A gefe guda kuma Interswitch, wanda aka kafa a 2002, ya haɗa na'urorin cirar kuɗi na bankuna dabam-dabam. Kowane banki ya ɗaura igiyarsa da tsakiya, ba sai ya ƙulla da kowane ɗan'uwansa ba. Sunan da masana ke kiran irin wannan mahaɗa ya bambanta da ESB, amma hikimar ɗaya ce. Lokacin da shirin rage amfani da tsabar kuɗi ya iso Kano a watan Yulin 2013 mutane da yawa sun yi masa kallon abin 'yan boko, yau kuwa mai shayi ma yana karɓar taransfa.

Me ya sa sai yanzu?

Dalilin da ya sa nake ganin maganar ba ta jiran gobe shi ne haraji. A ranar 1 ga Agustan 2025 hukumar tara haraji ta tarayya, FIRS, wadda sababbin dokokin da aka sanya wa hannu a watan Yunin 2025 suka sauya wa suna zuwa NRS, ta ƙaddamar da tsarin takardar ciniki ta intanet ga manyan kamfanonin da cinikinsu na shekara ya kai Naira biliyan 5 zuwa sama, ta kuma ƙara musu wa'adi zuwa 1 ga Nuwamban shekarar. Ta bayyana cewa tsarin zai gangaro kan matsakaita da ƙanana daki-daki. A ƙarƙashinsa, takardar cinikin da kamfani ya yanka takan bi ta kwamfuta zuwa hukumar, a tantance ta, a ba ta lamba ta musamman da hatimin da ake dubawa da waya.

Da tsadar kaya a yau, injin shinkafa ko kamfanin roba ba sai ya zama gagarumi ba kafin cinikinsa ya kai biliyoyi. Wanda ma bai kai ba, idan yana sayar wa babban kamfani kaya, mai sayen zai fi son takardar da hukuma ta san da ita, domin ita ce hujjarsa yayin neman a cire masa harajin VAT da ya riga ya biya. Ga kuma hukumar Kwastan da ta fara sauya tsarinta zuwa B'Odogwu tun 2024, ga tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a Zawaciki a watan Janairun 2023, wadda masu fitar da fata da riɗi da masu shigo da kayan aiki za su so bin sawun kwantenarsu ta cikinta. Kowace ɗaya sabuwar igiya ce daga waje. Kamfanin da lambobinsa na cikin gida ba su haɗu ba, yanzu zai riƙa aika saɓanin nasa kai tsaye zuwa teburin mai karɓar haraji.

Inda ya kamata a yi hattara

Ba zan yi wa mai karatu irin tallan masu maganin gargajiya na bakin kasuwa ba. Manhajar tsakiya tana da nata haɗurran. Na farko, idan kowa ya dogara da ita, ranar da ta tsaya komai ya tsaya. Mun ɗanɗana makamancin haka a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun Naira, da jama'a suka yi tururuwa zuwa taransfa har ta riƙa maƙalewa. Saboda haka dole ne kwamfutar da take zaune a kai ta samu batir da sola nata na kanta, da wata kwamfutar da za ta karɓi aiki idan ta farko ta faɗi, da kuma rubutaccen tsarin yadda za a koma takarda na ɗan lokaci ba tare da lissafi ya rikice ba.

Na biyu, kamfanoni da yawa a Turai da Amurka sun riƙa loda wa manhajar tsakiya kowace irin doka ta kasuwancinsu, daga farashi zuwa rangwame zuwa iyakar bashi, har ta yi nauyin da babu mai iya taɓa ta. Wannan ne ya sa a 2014 James Lewis da Martin Fowler suka yi wani shahararren rubutu inda suka nuna cewa gara basira ta zauna a cikin kowace manhaja, hanyar tsakiya kuma ta tsaya ga isar da saƙo. Tun daga lokacin da yawa sun koma ga kayan aiki marasa nauyi, irin su Kafka da kamfanin LinkedIn ya saki a 2011, da RabbitMQ, da mahaɗar da ake haya ta intanet. Dillalin da ya fara yanke farashi a madadin mai kaya ya wuce gona da iri.

Na uku, kuɗi da intanet. Lasisin manyan manhajojin da Dala ake biyansa kowace shekara, kuma mun ga yadda Dala ta tashi daga wajen Naira 460 a farashin gwamnati a watan Mayun 2023 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Mahaɗar haya kuwa tana zaune ne a kwamfutocin wata ƙasa, alhali a ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, harkokin banki da sadarwa suka rikice na kwanaki. Bai kamata sikelin Challawa ya kasa yi wa siton da ke bayansa magana ba don kawai waya ta tsinke a teku. Saƙon cikin gida ya zauna cikin gida, abin da ya shafi banki da haraji da Kwastan ne kawai zai jira intanet a layi. A kuma tuna cewa dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa kamfani alhakin tsare bayanan ma'aikatansa da abokan cinikinsa, don haka ba kowane saƙo ne kowa zai riƙa leƙawa ba.

Ta ina za a fara?

A nawa ɗan tunanin, matakin farko ba ya bukatar sayen komai. A tara akanta da mai sito da mai sikeli da shugaban ciniki a ɗaki ɗaya, a daidaita suna da ma'auni. Na sha ganin abokin ciniki ɗaya yana da suna uku a kamfani ɗaya, a nan an rubuta shi da sunan yanka, a can da laƙabinsa na kasuwa, a banki kuma da sunan kamfaninsa. Buhun shanshera da ake sayowa daga ƙauye nauyinsa ba ɗaya yake da buhun kilo 50 da ake fitarwa ba. Ɗanyar fata da ɗaiɗai ake ƙirga ta, jemammiya kuwa da ƙafa ake auna faɗinta. Idan ba a ba kowane kaya da kowane abokin ciniki lamba ɗaya da kowa ya yarda da ita ba, manhajar tsakiya za ta ƙara wa ruɗanin gudu ne kawai.

Mataki na biyu, a zaɓi hanya ɗaya wadda ta fi zubar da kuɗi, galibi daga biyan kuɗi zuwa fitar kaya, ko daga sikeli zuwa biyan masu kawo kaya, a haɗa ita kaɗai, a bar ta ta yi aiki wata biyu ko uku kafin a ƙara wata. Daidai ruwa daidai tsaki: kamfanin da manhajojinsa biyu ne ko uku ba ya bukatar ESB, igiya ɗaya mai kyau ta ishe shi. Mai biyar ko shida zuwa sama, ko mai rassa da sito-sito a Singa da Dawanau da Kantin Kwari, shi ne zai ga amfaninta, kuma na kyauta irin su Camel ko WSO2 za su iya ɗaukar nauyinsa matuƙar ya ware kuɗin mai kula da su. Duk wata sabuwar manhaja ko sikeli da za a saya daga yau, a sanya sharaɗi a rubuce cewa sai tana da ƙofar sadarwa a buɗe. Duk ɗan kwangilar da ya yi aikin haɗi kuma, kada a biya shi cikon kuɗinsa sai ya miƙa lambobin da ya rubuta, da kalmomin sirri, da bayanin yadda ya ɗaura kowace igiya.

Mataki na uku shi ne mutane. Jami'ar Bayero, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano, da reshen Digital Bridge Institute na Kano, duk suna yaye matasa masu ilimin kwamfuta kowace shekara, da yawansu kuma suna zuwa waɗannan unguwanni neman gurbin sanin makamar aiki, a zaunar da su suna buga wasiƙu. Rassan Ƙungiyar Masu Masana'antu ta Nijeriya guda biyu da ke Kano, na Sharaɗa da Challawa da kuma na Bompai, za su iya haɗa kai da waɗannan makarantu a horar da rukunin matasa a kan aikin haɗa manhajoji, a kuma rubuta mahaɗar sikeli da ta banki da ta haraji sau ɗaya, kowane memba ya ɗauka. Sikelin da ke Bompai da wanda ke Sharaɗa sau da yawa ƙirar kamfani ɗaya ce, babu dalilin da zai sa kowa ya biya kuɗin aiki iri ɗaya shi kaɗai.

Ko shakka babu za a samu turjiya. Magatakardan da aikinsa kwafe lambobi ne zai ji tsoron rasa abincinsa, kuma hakki ne a kan mai kamfani ya gaya masa gaskiya tun da wuri, ya kuma koya masa aikin bin diddigin saƙonnin da suka ƙi dacewa, domin wannan aiki ne da na'ura ba ta iya gamawa ita kaɗai. Wanda yake cin abinci daga tsagewar bangon shi ma zai kawo dalilai masu daɗin ji na cewa abin ba zai yiwu ba. Turjiya mafi girma kuwa ta Alhaji ce da kansa, wanda ya saba komai ya bi ta wayarsa da ƙwaƙwalwarsa. Ina roƙonsa ya dubi gine-ginen da suka koma kufai a Bompai da Sharaɗa. Wasu wuta ce ta kashe su, wasu kayan waje, amma akwai waɗanda suka rufe domin ranar da mai su ya kwanta dama babu wanda ya san wa ake bi, wa ke bin kamfanin, ko me ya rage a sito. Kundin shaidar da manhajar tsakiya ke ajiyewa yana daga cikin abin da magada za su gode masa a kai.

Kanawa sun gina kasuwancin da ya kai Gwanja da Tarabulus ne bisa amana da dillanci mai tsari, tun babu waya babu banki. Abin da ake nema a yau shi ne a ba na'urorin da muka riga muka saya irin wannan tsari. Wutar lantarki da bututun iskar gas na AKK da aka fara shimfiɗawa a 2020 za mu ci gaba da neman su daga hukuma, amma wannan aikin namu ne, kuma wa'adin hukumar haraji yana matsowa. Shawara ɗaukar ɗaki ce, ga tawa nan na ajiye gaban masu masana'antu da shugabannin ƙungiyarsu, tare da tunatarwar cewa ba a fafe gora ranar tafiya.